Littattafan da ake so duk da tabonsu: dalilin da ya sa labari ke yankewa kafin ya iso Jega

A Jega da Aliero da Maiyama, kamar sauran garuruwan ƙasar Gwandu, akwai wata dukiya da ba a lissafa ta a rabon gado: ƙananan littattafan hikaya da ke kwance a ƙasan akwati ko cikin kwalla a ɗakunan mata, bangonsu ya koɗe, gefensu ya nannaɗe saboda yawan hannun da suka bi. Wanda ya zauna ya jera su zai lura da abu guda. Ga littafi na ɗaya, ga na biyu, na uku babu. Wani kuma na biyu ne kaɗai ya tsira, ba farko ba ƙarshe, amma mai shi ba ta yarda a yi ƙunshin ƙosai da shi ba.

Kusan kowane littafin da Bahaushe ya riƙa da daraja yana da wani abu guda da masoyansa suka san bai yi daidai ba, suka kuma haƙura da shi. A wani littafin ƙarshen labarin ne bai gamsar ba, a wani kuma marubucin ne ya saki hanya ya bi wata. Sai dai ga mai karatu da ke zaune nesa da Kano, aibin da ya fi ci masa rai ba a cikin labarin yake ba. Aibin shi ne a ja shi har tsakiyar kogi, marubuci ya yi masa sallama, ya ce a tare shi a littafi na gaba, littafin kuwa bai taɓa isowa ba.

Bin sawun wannan aibi yana kaiwa ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Mafi yawan tabon da ke jikin littattafan Hausa shaida ce ta hanyar da littafin ya bi kafin ya iso hannun mai karatu: wa ya nemi a rubuta shi, wa ya biya kuɗin ɗab'i, wa ya ɗauko shi daga Kano.

Tabon 'yan fari

Ƙagaggen labarin Hausa na boko yana da ranar haihuwa. A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarin da suka ƙaga da kansu, domin makarantu su sami abin karantawa. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East ɗin kansa.

Biyu daga cikinsu sun shafi wannan yanki ta wata fuska, domin tushen labarinsu Kwantagora ne, garin da hanyar da ta tashi daga Jega ta ratsa Maiyama da Koko da Yawuri take kaiwa. Daga can Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Duk wanda ya karanta littafin ya san abin da ya biyo baya: neman ruwan ya koma gefe, shafi bayan shafi ya tafi a ramuwar gayya tsakanin Alhaji da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, har sai da littafin ya kusa ƙarewa aka tuna abin da aka fito nema. Malamin adabi zai ce ginin labarin ya karkace. Ɗalibin da ya karanta shi a sakandare kuwa, in aka tambaye shi bayan shekara talatin, Zurƙe zai fara tunawa, ba ruwan ba. A nan aibin da daɗin sun fito daga tukunya ɗaya.

Dalilin wannan karkata ba ɓoyayye ba ne. Imam matashin malamin makaranta ne a Katsina, ɗan shekara 22, babu wani ƙagaggen labarin Hausa a gabansa da zai duba. Abin da ya sani shi ne tatsuniya da littattafan Larabci, kuma masana sun nuna yadda ya ɗebo daga Maƙamat na Hariri, inda wani mai wayo ke ta ɓullowa a gari bayan gari cikin sabuwar kama. Da abin da ke hannunsa ya yi gini.

Ganɗoki ya fi nuna tabonsa a fili. Ya buɗe da tarihi na zahiri, zamanin da Turawa suka ci Kwantagora da yadda mazaje suka tsaya musu, cikin Hausa mai ƙarar tambari da kirari. Daga nan ya tsallaka duniyar aljanu da yaƙe-yaƙen da babu su a tarihin kowa. Da jarumin ya komo gida kuma, sai ya tarar da mulkin Nasara ya zauna, ya kuma sami abin yabawa a cikinsa. Mai karatu na yau yana iya jin wannan ƙarshe kamar an zuba ruwa a garwashi. Amma littafin da hukumar gwamnatin mulkin mallaka za ta buga, ta raba wa makarantunta, da wuya ya ƙare da takobi a zare.

Shi kuwa Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, abin da ake yawan ɗaga masa shi ne sanyin jarumin. An sace shi yana yaro, an ƙetara Sahara da shi, mahaifiyarsa ta faɗa bauta garin nemansa, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu, shi kuma yana ba da labarin duka cikin natsuwar malamin da ke gaban almajiransa. Wasu na ganin littafin bai yi fushi da cinikin bayi yadda ya kamata ba. Wasu na ganin wannan natsuwar ce ta sa tafiyar uwar ta fi sosa zuciya.

Duk da haka, waɗannan littattafai suna da abu guda da ya kamata a riƙe: kowannensu ya ƙare a cikin bango ɗaya. Ko Magana Jari Ce, da Imam ya fitar littafi uku a ƙarshen shekarun 1930, wanda ya sami na biyu kaɗai bai yi asara ba, domin kowane labari da aku ya bayar yana tsaye da ƙafarsa.

Yadda aka fara yanka labari

Daga Hukumar Fassara zuwa Kamfanin Gaskiya a 1945, zuwa NORLA a shekarun 1950, zuwa kamfanin NNPC na Zariya a 1966, littafin Hausa yana da uban gida: hukuma ce ke zaɓa, ta gyara, ta buga, ta raba. Gasar da NNPC ya shirya ita ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980. Amma uban gidan nan ya fi karkata ga abin da manhajar makaranta ke buƙata, kuma ƙofarsa ƙunci gare ta.

Abubuwa biyu suka haɗu suka karya wannan tsari. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban matasa, musamman 'yan mata, da suka iya karatun boko da Hausa, suna kuma neman labarin da ya yi kama da rayuwarsu. Sannan tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, daga 1986, ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, masana'antun takarda na cikin gida irin na Jebba suka shiga durƙushewa. Ga masu karatu, ga marubuta, babu kamfanin da zai tsaya tsakani. Sai marubuta suka shiga buga wa kansu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko, sannan Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, kafin ƙungiyoyi irin su Raina Kama su kafu a Kano. Lokacin da aka cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, ranar 27 ga Agusta 1991, wannan kasuwa tana kan ganiyarta.

A nan ne yanka labari ya zama doka. Marubucin da ke buga littafi da kuɗin aljihunsa ba shi da jarin da zai fitar da labari mai kauri a zama ɗaya, mai saye ma ba shi da kuɗin littafi mai kauri. Mafita ita ce a raba labarin gida biyu, uku ko huɗu, kowanne sirit, daidai kuɗin da yarinya za ta iya tarawa daga na kashewa. Kuɗin da littafi na ɗaya ya kawo da shi ake buga na biyu. Domin kuwa a tabbatar mai karatu ya dawo, sai a yanke labarin a daidai inda numfashi ya tsaya: ana shirin ɗaurin aure, ko an kwashi jaruma zuwa asibiti, ko an buɗe wasiƙa ba a karanta ba.

Tsarin yana da wayo, amma sarƙa ce mai raunin gaɓoɓi. Marubuci kan bai wa dillali littafi bashi, sai an sayar a biya shi. In dillali ya yi jinkiri, na biyu ya yi jinkiri. In masu satar fasaha suka riga shi cika kasuwa da kwafin na ɗaya, jarin na biyu ya tafi. In marubuciya ta yi aure, ko ta tare a wani gari, ko mijinta bai so ba, labarin ya tsaya inda ya tsaya. Babu edita da zai bi sawu, babu yarjejeniyar da ta tilasta kowa ya kammala.

Nisa kuma ya ƙara wa Borno dawaki. Mai karatu a Kano yana iya zagaya shaguna har ya dace. Jega gari ne na kasuwa tun ƙarni na 19, mahaɗar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri, amma daga can zuwa Kano tafiyar yini ce, kuma littafi ba shi ne babban abin da ke kai ɗan kasuwa can ba. Abin da ya tarar ranar da ya je shi zai saro. In na uku bai fito ba, ko ya fito ya ƙare, sai wata tafiyar, kafin nan kuwa sababbin labarai sun danne tsohon. Abin da ya iso Jega a gutsure, a haka zai wuce Aliero da Maiyama da ƙauyukansu, ta hannun mai shagon haya, ko ɗalibar makarantar kwana da ta dawo hutu, ko amaryar da aka kawo daga wani gari da akwatinta. Littafi guda yana iya zaga unguwa, amma in aka ara ba a mayar ba, duk unguwar ta rasa wannan kashin.

Akwai wani ƙaramin haƙuri da mai karatu na wannan yanki ya daɗe yana yi ba tare da ya kira shi aibi ba. A bakinsa "mi" ne, a littafi "me". A gida "ɗiya", a shafi "'ya". Masoyan da ke cikin labaran nan kusan duka da Kananci suke zance, a unguwannin Kano suke zaune. Ga kuma kurakuran rubutu, musamman ɓacewar ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ a littattafan da aka buga ba tare da mai dubawa ba. Duk wannan mai karatu yakan gyara da kansa yana tafe. Kashin da babu ne ba ya iya gyarawa.

Aibin masu suka da aibin masu so

A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu kan waɗannan littattafai. Ibrahim Malumfashi, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, shi ya yaɗa sunan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin rubutu ne na neman kuɗi da ba zai daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya a ɗaya ɓangaren, suna cewa littattafan sun sa mutanen da ba su taɓa riƙe littafi don nishaɗi ba sun zama makaranta. Bayan masana kuma ga masu wa'azi da hukuma: a 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona wasu littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga baya Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Kano ta nemi marubuta su yi rajista.

Abin lura shi ne aibin da masu suka ke gani ba shi ne wanda masu so ke gani ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito wajen 1990, misali ne. Sumayya 'yar masu hali ta ƙi attajirin da aka zaɓa mata saboda Muhammad talaka, har ta faɗa rijiya. Masu suka suka riƙe rijiyar, suka ce littafin yana koya wa 'yan mata bijirewa. Masu karatu da yawa kuwa auren dolen da ya kai ta bakin rijiyar suka gani, domin sun san shi a gidajensu.

Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, shi ne watakila ya fi kowanne dacewa da littafin da ake so duk da abu guda. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara. Rabi ta tsaya da ƙafarta, tana sayar da abinci, ta riƙe yaranta, har 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci. Da duniya ta juya wa Alhaji Abdu baya, dukiyarsa ta salwanta, sai aka taru a kan Rabi ta koma. Ta koma. Wannan komawa ta tsaya wa masu karatu da yawa a maƙogwaro: bayan duk wahalar nan, ladanta ke nan? Amma da wuya a ce marubuciyar kuskure ta yi. Balaraba, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, ta san yadda irin wannan shari'a ke ƙarewa a zauren gida. Ƙarshen da ya ɓata wa mai karatu rai shi ne wanda ya fi kama da gaskiya, kuma shi ya sa har yau ake gardama a kansa, ciki har da waɗanda suka karanta fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi, wadda wani kamfanin Indiya ya buga a 2012.

Irin wannan aibi yana ƙara wa littafi kwana, domin yana ba mutane abin tattaunawa. Yankewar labari kuwa ba ta ba kowa komai, sai kuɗin da aka kashe a kan rabin kaya.

Waya ta sauya hanya, ba ta sauya hali ba

Yau matashiya a Aliero, garin albasa da ɗori, inda jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar take tun 2006, ba ta jiran ɗan kasuwa ya dawo daga Kano. Labari yana iso mata a waya a daidai lokacin da yake isa Fagge: a Wattpad, a Facebook, a zaurukan WhatsApp, ko a murya a YouTube ga wadda ta fi son saurare tana aiki. Nisan da ya hana na uku isowa ya kau.

Sai dai yankan ya biyo labarin har cikin wayar, ya ma ƙara ƙanƙanta. Maimakon kashi uku, yanzu shafi-shafi ne, kullum ko bayan kwana biyu. Tsarin da ya yaɗu shi ne marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama mutane ta tsaya, ta ba da lambar asusu, wadda ta biya a sa ta a zauren da ake ci gaba. Dabarar 1990 ce a sabuwar riga, kuma rauninta bai sauya ba. Mai karatu tana biya tun labarin bai ƙare ba, wani lokaci tun ba a rubuta ƙarshensa ba. In marubuciya ta yi rashin lafiya, ko wayarta ta lalace, ko wani ya kwafe shafukan kuɗin ya watsa su kyauta har ta yi fushi ta ajiye alƙalami, babu rasit, babu wurin kai ƙara. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi kariya ga ayyukan da ke intanet, amma tsakanin dokar da ke Abuja da marubuciyar da aka tura littafinta zaure ɗari a dare ɗaya akwai tazara mai yawa. Ga kuma kuɗin data, wanda ya tashi bayan hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Tsarin biyan kuɗi a tsakiya yana kuma sauya jikin labarin. Tun da tsawo ne ke riƙe mai biya, sai a yi ta jan zare: kishiya ta uku, hatsarin mota na biyu, tagwayen da aka raba tun suna jarirai. Wannan ma aibi ne da makaranta suka sani, suke kuma ci gaba da bi.

Abin da ke cikin haɗari ya wuce kuɗin mutum ɗaya. Kundin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar a 2004 ya lissafa littattafai fiye da 700 da aka buga tsakanin 1987 da 2002, kuma abin da hannunsu ya kai gare shi ke nan. Da yawa daga irin waɗannan littattafai ba su ɗauke da shekarar bugu, ba su da lambar rajista, ba su kuma shiga Ɗakin Karatu na Ƙasa ba, duk da dokar 1970 da ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi a can. Na intanet sun fi su rauni. Da manhajar OkadaBooks ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023, marubutan da suka jingina da ita sai da suka nemi wani masauki, zauren WhatsApp kuwa mai shi yana iya share shi da yatsa ɗaya.

Wannan ya sa tsofaffin akwatunan nan suka fi ƙarfin abin tunawa da ƙuruciya. Ga wasu littattafan, kwafin da ke ƙasan kwalla a Maiyama yana iya zama cikin 'yan kaɗan da suka rage, kuma mai binciken da zai so haɗa labarin daga farko zuwa ƙarshe sai ya bi gida-gida: na ɗaya a Jega, na biyu a Aliero, na uku a hannun wadda ta ara tun kafin a yi mata aure ta tafi da shi Yawuri.